Tulun Tabawa da jar motar Sanusi

A gidanmu na Matameye, tatsuniya ba ta farawa sai man gyaɗa ya hau wuta. Sana'ar kakarmu Inna Delu ke nan: da rana ta soya gyaɗa ta matse mai, bayan isha'i ta ɗora kasko ta hau suyar ƙuli-ƙuli. Mu jikoki mu kewaye murhu, kowa na addu'ar wani ƙuli ya fashe a miƙo masa. Ni ne ƙarami, ni ne kuma maigidanta na wasa, don haka wurina daban yake, a jikin cinyarta ta hagu. "Matso, raggon miji," in ji ta, "ko cefane ba ka yi, amma kai ne gaba a bakin kasko." Har yau in na ji ƙanshin man gyaɗa a wuta, wallahi sai Inna ta faɗo mini a rai.

Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma ɗaya ce nake naci a kai, ta Tabawa mai tulun mai. Inna takan buɗe da cewa, "Baƙuwa ce a ƙofa, a ba ta tabarma?" Mu haɗa baki, "Ta shigo ta zauna!"

Wai Tabawa kan ɗauki tulun mai zuwa kasuwar Kurni. Duk ranar da ta isa, sai ta tarar mai ya ragu, gammonta ya jiƙe sharkaf. Ta ɗaga tulu ta ga ɗigo na reto a gindi, ta samo ƙaro ta liƙe wurin. Kasuwa ta zagayo, gammo ya sake jiƙewa. Ta ƙara danƙo, ta ƙara yumɓu, har gindin tulu ya fi tulun nauyi, yoyo kuwa yana nan. Rannan tana kuka a bakin rijiya, sai ga wata tsohuwa. A nan Inna ke maƙe murya ta ce, "Ƴar nan, hawaye a haɓa yake ɗiga, amma kin taɓa ganin haɓa ta yi kuka?" Tsohuwa ta sa ta wanke tulu tas, ta shanya, ta barbaɗe shi da busasshiyar toka, ta cika shi da mai, ta ajiye a rana ta zauna ta zuba ido. Can sai toka ta fara baƙi, ba a gindi ba, a wuya, dab da marfi. Tabawa ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Mai da ƙasa ya sani, me ya tura shi sama?"

Iyakar abin da na sani ke nan. Ga ɗumin wuta, ga ciki ya cika, daidai nan barci ke sace ni. Sai dai in farka da safe a tabarma da guntun ƙuli a hannu. In na bi ta da tambaya, ta ce, "Tatsuniya da rana? Ɓata kake so mu yi?" Da dare a sake ɗaukowa daga farko, in sake mimmiƙewa a wuri guda. Daga baya aka kai ni Damagaram koyon gyaran mota, ina can Inna ta rasu. Na girma da wannan gibin, ina ganin kowa a gidan ya ji ƙarshen labarin sai ni.

Bara Sanusi, wani matashi mai fataucin wake, ya kawo mini motarsa gareji. Ja ce, mai ƙofa biyu, irin ta gudu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, giyarta ta hannu. Ta yi damina guda a rumfa ba a taɓa ta ba, saboda ramukan hanya. Da ya fara hawa, duk inda ta kwana sai ta bar tabo. Na dangwali tabon na shinshina. Man inji baƙi ne, wannan kuwa kalar zuma, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Man buwat ne, wato akwatin giya. Na kwance bushon gefe, wato murfin ramin zuba mai, na zura yatsa, da ƙyar na taɓo mai. Na ce, "Sanusi, in ka ci gaba a haka, haƙoran giya za su cinye junansu, kuma irin wannan buwat ko a Kano sai an sha yawo."

Ɗigon a ƙasa yake taruwa, don haka na canja zoben da ke datse bushon ƙasa. Kwana biyu Sanusi ya dawo. Na canja robar wutsiyar buwat, inda sandar da ke juya tayoyin baya ta fito. Ya sake dawowa, fuska a murtuke. "Malam Idi, ko dai sammu aka yi wa motar nan?"

Na shiga rami ina kallon ɗigon yana reto a gindin buwat, sai na ji muryar nan a maƙe, kamar a bayan kunnena: kin taɓa ganin haɓa ta yi kuka? Na yi dariya ni kaɗai a cikin rami, idona kuma ya ciko.

Na wanke buwat da kananzir tun daga sama har ƙasa, na bari ya bushe ƙarau. Na roƙi toka wajen mai ƙosan bakin titi, na tankaɗe, na barbaɗe ko'ina har inda hannu ke kaiwa da ƙyar. Na cika mai, muka je garin Kance muka dawo don ƙarfe ya ɗauki zafi. Da na haska tocila, gindi fari fat. Wani siririn baƙin layi ne ya gangaro ta gefe, na bi shi da ido har can ƙoli, inda sandar giya ke shiga. Ga ni tsaye daidai inda Tabawa ta tsaya, da tambayarta a bakina.

Na cusa hannu ina laluba saman buwat, na taɓo ɗan bututun da yake shaƙar iska ta nan. A toshe yake ƙam da busasshen laka. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da motar ke rumfa! In buwat ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura ta rasa mafita, sai ta turo mai ta robar sama. Na zaƙule lakar da waya, na sa sabuwar roba. Tun daga ranar motar ba ta sake ɗiga ba.

Washegari ban buɗe gareji ba. Na hau babur sai garin Tsauni, wajen Yaya Hadiza, babbar cikinmu, ban da ni, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka zauna a bakin murhun nan. Ko ruwa ban gama sha ba na ce, "Yaya, tulun Tabawa, marfin ne ta toshe da yawa, rana ta dafa tulun, ko? Haka Inna ta ƙarasa?"

Ta ce, "Idi, ai mu ma ba mu taɓa jin ƙarshensa ba."

"Kamar yaya? Ku da ba ku barci?"

"Da ka yi barci take yin shiru. Mu yi ta magiya, ta ce a'a, wannan ta maigida ce, ba ta raba ta yana kwance. Ta ce a bari ka ƙara girma, wata rana za ka iya kaiwa ƙarshe ido biyu."

Na sunkuyar da kai. Ni da na yi shekaru ina jin an ci an hana ni, ashe ajiye mini aka yi, na tafi ban karɓa ba.

Abin da tsohuwar bakin rijiya ta koya wa Tabawa yana ciyar da ni a sana'a: a wanke, a jira, a bi sawu har sama. Jikokina ma ina ba su labarin, na ɗora masa ƙarshe irin nawa, suna tafi suna dariya. Wataƙila daidai na canka, wataƙila na Inna ya sha bamban, babu mai gaya mini yanzu. Na iya zama ido biyu har asuba, Inna. Mai ba da labarin ce babu.