Rinar da Ta Sa Baki a Maganar Wilf Ackroyd

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, unguwar Hexthorpe ta Doncaster jerin gidajen jan bulo ce, hayaƙin kwal na kwance bisa rufinsu, galibin mazanta ma'aikatan jirgin ƙasa. Nan Wilf Ackroyd ya zauna shekara arba'in da ɗaya. Daga filin sukuwa yake cin abinci, amma bai taɓa zuba ko sule a kan doki ba.

Sana'arsa magana da hannu. Yakan hau akwati sanye da farar safar hannu, ya isar da farashin fare, wato cacar dawaki, daga wannan gefen fili zuwa wancan, inda murya ba ta kaiwa. Taɓa hanci da ma'anarsa, dafa kafaɗa da tasa. Wasu alamun kowa ya san su, wasu kuwa sirri ne tsakaninsa da maigidansa Clegg, mai karɓar faren jama'a. Matarsa Edna, wadda ba ta fashin coci, takan gaya wa maƙwabta cewa mijinta ba ɗan caca ba ne, tafinta ne.

Wata Asabar cikin Satumban 1953, rina ta biyo ƙamshin burodi mai zuma da ke aljihunsa. Garin korar ta, Wilf ya kai wa kunnensa mari, ya bugi ƙeya sau biyu, ya yarfar da hannun hagu. A yarensu na sirri, wannan na nufin manyan kuɗi sun sauka a kan doki na bakwai, da alama shi zai ci. Nan take Clegg ya aika aka zuba masa fam talatin a kan dokin. Dokin ya zo na ƙarshe.

"Cire safar nan, Ackroyd!" in ji Clegg, yana huci. "Shekara goma sha biyu ina biyanka, ashe rawa ka zo yi!"

"Maigida, rina ce fa."

"To rinar ta biya ni fam talatin!"

Wilf ya san babu mai sake ɗaukar mutumin da hannunsa ya taɓa yin ƙarya, ga kuma 'ya'ya mata uku a gida. Ya fara zare safar, sai idonsa ya faɗa kan Bulmer da ƙanensa, abokan hamayyar Clegg, suna yayyaga tikiti suna zagin juna.

"Maigida, dubi can. Su ma na bakwai suka bi. Wa ya gaya musu? Ni da kai kaɗai muka san alamar nan."

Clegg ya duba, sannan ya fashe da dariya. "Ɓarayin banza! Ashe karanta mu suke yi! Nawa suka zuba?"

"Yadda kunnen babban ya yi ja, ya haura ɗari."

"Mai da safarka, ɗan nema. Mako mai zuwa ka ƙara zumar."

Suka sauya alamun sirrin, suka riƙa jefa tsofaffin jefi-jefi domin yaudarar masu leƙe. Wilf ya ci gaba da hawa akwatinsa har 1968.

'Yarsa Maureen tana iya kwaikwayon alamun sirri tara, amma biyar kawai ta san ma'anarsu. Babu wanda ya rubuta su, kuma har yanzu ba a gano inda iyalan Clegg suka koma ba, balle a tambaye su sauran huɗun.