Iskar da Yaya Ya Yi Alkawari

Ranar da aka raba gadon tsohon mai facin layinmu, tun safe ake yayyafi, ruwa na ɗiga ta hudar kwanon rumfar. Ina gefe a kan bencina na gyaran takalma. 'Ya'yansa biyu ne, babban da auta. Auta ne ya yi shekaru yana durƙuso a gaban taya, shi babban sai dai ya leƙo ya gaisa. Amma shi ya ɗauki rumfar da injin iska, ya tura wa Auta guduma da ƙarfen ɓamɓare taya.

"Yaya, da me zan hura taya?"

"Da bakinka mana," in ji shi, mutane suka yi dariya. "Kai, ni ba mugu ba ne. Ku shaida, duk ranar da yake son iska ya zo ya ɗiba kyauta. Sai dai ya zo da buhu."

Auta ya naɗe kayansa a tsumma ya shiga ruwan.

Bayan kwanaki sai ga shi da wata koriyar tukunya ɗaure a bayan keke, irin ta gas ɗin firji. Mai gyaran firji ne ya ba shi bayan ta ƙare. Auta ya bar ta a buɗe har warin ya fita, ya sa mata bawul na tsohuwar taya da tiyo da ɗan gejin auna iska.

"Ina kwana, Yaya. Ga buhun na kawo."

Yaya ya dubi tukunyar, ya dube mu. Duk waɗanda suka yi dariya ranar suna nan. Ya tayar da injin da hannunsa.

Daga nan Auta bai ƙara jiran taya ta zo ba, shi yake zuwa wurinta. Wanda tayarsa ta sace a bakin kasuwa ko a ƙofar gida, wa zai gungura ta har rumfa alhali ga mai keke yana tafe da iska? Motar da ta doshi layin tana ɗingishi, a kwana yake tare ta. In iskar tukunyar ta ƙare ya dawo, ya yi sallama, ya sake cikawa, Yaya na zaune yana kallon man injinsa na ƙonewa.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake barin masu kekuna su wuce zuwa rumfar Yaya.

"Baba, in ya rasa aiki gaba ɗaya ai sayar da injin zai yi. A ina zan ɗibi iska?"

Da abin ya ishi Yaya, ya kira shi a gabana.

"Auta, dawo mu haɗa. Rabin rumfar naka ne."

Auta ya kife tukunyar, ya buɗe bawul, ruwan da ke taruwa a ciki ya tsiyaye daidai gaban takalmin Yaya.

"A'a, Yaya. Rabon da ka ba ni ya ishe ni."

Yanzu furfura ta cika kan Auta. Ya canza tukunya, don ta farkon ta yi tsatsa. Har yau da safe yakan jingine kekensa a bakin rumfar, ya gaishe da yayansa, ya cika, ya wuce.