Ankon Da Ba Shi Da Amarya

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji shida na firamare, Umma ta dawo daga kasuwa da ƙatuwar jaka a ka, ta sauke a tsakar gidanmu na Ƙofar Wambai, ta baje samfurin atamfofi a kan tabarma. Ina tsugune a bakin rijiya ina wanke tukwane, hannuna duk toka. Ba ni ta kira ba, ƙanwata Nana ta kira, wadda ke kwance a inuwar gwaiba da hular ulu a ka duk da zafin da ake yi. Shekarunta takwas, kuma watanni ke nan ana yi mata maganin ciwon daji na jini a babban asibiti. Umma ta ce ta zaɓi wadda ta fi so. Ga masu kyau nan, shuɗiya da ruwan hoda da mai furanni, amma yarinyar nan ta miƙa siririn hannunta ta ɗora a kan wata ruwan ɗorawa mai zanen zabi manya-manya, kowane zabo ya wage baki kamar an biyo shi da wuƙa. Wallahi ban taɓa ganin mummunar atamfa irinta ba. Na gaya mata haka, ta yi mini gwalo.

Kafin ciwon, babu mai son biki a lungunmu kamar Nana. Ko ana tsakiyar carafke ne, ko 'yar gala-gala a ƙofar gida, da ta ji guɗa sai ta watsar da duwatsun ta ruga, ta bar ni da shara da ɗiban ruwa. Da ciwon ya zo, gashinta ya zube, sai gidanmu ya yi tsit. Sunan ciwon ma ya ja mana. Wasu suka ce wani abu ta taka a daji ranar da muka bi Baba gona, wasu suka ce ana ɗauka. Matan da a da suke shigowa aron rariya su zauna hira har azahar, sai suka koma yin sallama daga zaure su juya. Ƙawayenta na Islamiyya suka ɗauke ƙafa. An yi aure uku a lungun a wannan shekara, babu wanda ya kawo mana samfurin anko. Nana tana jin kiɗa ta kan katanga, sai ta tambaye ni wa ake aurarwa. Wannan ya fi allurar asibiti yi mata ciwo, ni kuma ya cika ni da haushin mutane.

A asibitin akwai wata likita da take tara iyaye tana yi musu bayani. Ta ce ita da abokan aikinta suna bincike a kan ciwon dajin yara, su gano abin da ke sa a kawo su a makare da kuma maganin da ya fi karɓar jikinsu, kuma aikin yana bukatar taimako. Umma ba ta iya rubuta wa manya takarda ba, ba ta san kowa a gidan rediyo ba. Ɗinki take yi a gida, abin da ta sani shi ne anko: mai biki ta sari atamfa, ta ɗan ɗora wani abu a kan kowane turmi, mata su saya su ɗinka su zo. Sai ta ce za ta fitar da anko, abin da aka ɗora ya tafi binciken, a yi walima a gidanmu Nana ta ga mutane sanye da atamfarta.

Ni nake riƙe mata samfurin muna bi gida-gida bayan la'asar. Tambayar farko kullum ɗaya ce: "Wa za a aurar?" Babu amarya. "To suna ne?" A'a. Sai fuska ta yi laushi, a ce Allah sarki, kuɗin maganin Nana ne, a fara kwance bakin zani. A nan Umma take ɓata ciniki. Sai ta ce a'a, magani Baba yana ɗauke da shi, wannan na bincike ne. Goggo Laraba, tsohuwar da ke jikin katangarmu, wadda ba a ɗaura aure a lungun ba da bakinta a ciki ba, ta dafe ƙirji ta ce, "Bincike kuma? Me aka sace?" Umma ta yi mata bayani a natse cewa kuɗin ba zai warkar da Nana ba, na yaran da ciwon bai kama ba tukuna ne, wataƙila jikokinta. Goggo ta ce a'uzubillahi, kada ta yi musu mugun fata, ta ɗaure bakin zaninta tam. Da muka fito na ce, haba Umma, ki bar su su zaci na magani ne mana, wa zai sani? Ta ce, "Ba zan yi ƙarya da sunan 'yata ba."

A waje kam atamfa ta tafi. Maman Ngozi, wadda Umma ke sayen zare da zif a shagonta kusa da barikin Shadawanka, ta karɓi turame ta ajiye a shagon, ta kai wa matan sojoji, 'yarta kuma ta kai wa ɗaliban jami'a a Yalwa, har maza suka ɗinka riguna. Lungunmu ne shiru. Kullum da safe ina ba Nana koko sai ta ce, "Yaya Bilki, za su zo?" Ina cewa za su zo, alhali ban ga wadda ta saya a lungun ba.

Ranar walimar na share tsakar gida sau biyu, muka dama zoɓo, muka soya cincin. Rigar Nana sai da Umma ta sake rage ta saboda rama, sannan ta ɗaura mata ɗankwali a kan da babu gashi. Maman Ngozi ta fara zuwa da matan bariki, sai ɗalibai a keke mai ƙafa uku guda biyu. Nana tana murmushi tana gaishe su, amma idonta yana kan zaure. Rana ta fara yin sanyi, na gama yanke cewa ba zan ƙara gaishe da kowa a lungun nan ba, sai guɗa ta tashi. Goggo Laraba ce, zabi tun daga goggoro har ƙasa, matan lungu a bayanta da 'ya'yansu. Ashe a ɓoye suka aika shagon Maman Ngozi suka saya, kunyar Umma ta hana su zuwa wajenta. Goggo ta wuce kowa ta zauna a tabarmar Nana, ta ɗora ta a cinya, ta ɗauki kofin Nana ta kurɓi zoɓon. Ta ce, "Ni har yanzu ban gane binciken nan ba, amma ba a taɓa fitar da anko a lungun nan ban saka ba. Ke amarya, wa ya zaɓo mana wannan mummunar atamfa?" Nana ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ni kuwa na shige kicin na yi kukana.

Ranar Litinin Umma ta kai wa likitar abin da aka samu. Nana ta rasu bayan babbar Sallah da kwana kaɗan, kuma Goggo Laraba ce ta yi mata wanka.

Yanzu a waya ake neman irin wannan taimako, mutum ya tura daga ɗakinsa ba tare da ya ga fuskar yaron ba. Goggo ta rasu, gwaibar an sare ta an yi ɗaki, idon Umma ba ya ganin kafar allura. Ban san inda binciken ya kai ba, ban kuma sani ba ko ya ceci ɗan wani. Amma a watan jiya na shiga keke zuwa Yalwa, sai ga wata matashiya ta goya ɗanta da zani ruwan ɗorawa, ya koɗe sosai, zabin dai suna nan bakinsu a wage. Na tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce na mahaifiyarta ne, ankon wani biki ne tun suna bariki, ita ba ta ma san amaryar ba. Na ce mata ni na san ta, ƙanwata ce. Na yi ta kallon zanin har na sauka, ban ga muninsa ba.