Sawun Barewa a Bayan Aujara

Jama'a, yau na ga barewa da idona, kuma na dawo gida jaka wayam.

Da hantsi muka fita farautar zomo ni da Baffa, ƙanin mahaifina. Muna kewaya wata gonar gero a bayan Aujara sai ga ta tsaye tana kallonmu. Barewa fa! Rabon da a ga irinta a dajinmu tun Baba yana raye.

Na ɗaga adaka. Baffa ya danne bakin bindigar.

Ya ce, "Kai dai kalle ta."

Na ce, "Baffa, za ta gudu."

Ya ce, "Ta gudu mana. Ni da babanka muka ga ta ƙarshe, a nan wurin."

Ta kaɗa kunne, ta yi tsalle biyu, ta shige cikin sabara.

Baffa ya karyo reshe yana share sawunta don kada mafarauta su bi ta. Da ya zo kan sawu na ƙarshe sai ya tsaya, ya cire hularsa ya kifa a kai.

Na ce, "Hular fa, Baffa?"

Ya ce, "Bar ta nan. Gobe zan dawo in ƙara gani."