Alassan Mai Rubutu a Tele

A Gaya ta Nijar, in ka ce Alassan sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. In ka ce Alassan mai rubutu a tele, duk wanda ya haura shekara talatin zai nuna maka shagon da ke bayan tashar kamyo, inda manyan motocin kaya ke tsayawa, mai ƙofar kwano da tsatsa ta cinye gindinta. Yanzu waƙoƙi da wa'azi yake zuba wa mutane a wayar salula, aikin da ko ɗan lakwal, ɗan makarantar boko, zai iya. Amma an yi zamanin da ba a sa ranar biki a garin sai an ji ko yana da sarari.

Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne daga Bengou. Alassan ya gaji hannun, bai gaji sanyin halin ba. A 1998 ya bi wani kamyon albasa zuwa Kwatano, ya dawo da tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, daga cikin kayan gwanjo, irin wadda ƴaƴan Turawa suka gama wasa da ita suka yar. Ita kaɗai ba ta da abin kirki, launinta bai fi na tabarmar kaba ba. Sirrin yana cikin wani kati da mai kayan ya haɗa masa, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, wanda ake buɗe cikin na'urar a soka. Da an soka shi launuka su cika tele, wato talabijin, hoton kamera kuma ya bi ta ciki ya fito da rubutu a kansa.

Ranar da aka fara ganin sunan amarya yana yawo a tele da ruwan zinariya, wata tsohuwa sai da ta yi a'uziyya. Daga nan kan Alassan ya kumbura, hularsa ma ta koma gefe. Yadda yake aikinsa shi ne ya ɗauki biki a kaset ɗinsa, ya juye wa masu biki nasu ta cikin ordinater da rubutu da furanni, sannan ya shafe nasa da bikin gaba, don kaset tsada gare shi. Da wasu ƴan Malanbil na ƙetaren kogi suka fara kwafar aikinsa suna cewa nasu ne, sai ya yi musu maganin da ya ga dama: ya riƙa shimfiɗa sunansa da manyan baƙaƙe a tsakiyar hoto. Ba ya rufe amarya, ba ya rufe Alhazai masu liƙi. Yakan jira kamera ta sauka kan wanda ba kowa ba, sannan ya danna.

Zamani riga ne. Salula mai kamera ta shigo, kowa ya zama mai ɗaukar hoto, har da waɗanda ba su san gabas ba. Ordinater ta koma ƙarƙashin tebur, aka lulluɓe ta da buhun shinkafa. Alassan ya tsufa da haushi, yana yi wa duk wanda ya zauna bencinsa labarin katin da babu irinsa daga nan har Doso.

Bayan an rufe gada tsakanin Gaya da Malanbil, mutane da kaya suka koma bin ruwa. Wata Laraba iska ta kifar da wani kwalekwale da aka yi wa lodi fiye da kima. Mai tuƙinsa, Mutari, sai bayan kwana uku kogin Kwara ya maido shi, aka rufe shi nan bakin ruwa ba tare da an bar mata sun gani ba.

Wata biyu bayan haka, da hantsi, mahaifiyar Mutari, Inna Aisata mai suyar kifi, ta tsaya a ƙofar shagon, riƙe da ƙulli a tsohon zane.

"Fofo, sannu da aiki, Alassan. An ce har yanzu kana da abin nan naka."

"Shina nan, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

Ta kwance ƙullin. Kaset ne na sunan jikarta Hamdiyya, na 2004, da rubutun hannun Alassan a jikinsa.

"Mai jirgi shina ciki," ta ce. "Na tuna ya shigo da kifi ranar."

Ba ta faɗi sunan Mutari ba, don ɗanta na fari ne, kuma ita ta mutanen da ce. Shekara arba'in da biyar ba ta kira shi ba, ba ta zauna ta ƙare masa kallo ba, in ya shigo gaisuwa ƙasa take duba. Shi kuma tun da ya fara karatu wajen malaman da ba sa son hoto bai ƙara tsayawa gaban kamera ba. Katin shaidarsa da salularsa suna aljihunsa ruwa ya tafi da su.

"In na rufe ido muryatai nika ji," ta ce. "Huskar ta fara ɓace mini. Ka ciro mini ita, ko sau guda in dube shi da kyau."

Tausayi ya kama Alassan, kuma a faɗi gaskiya, daɗi ma ya kama shi. Yau ga ranar katinsa ta dawo. Ya bugi ƙirji ya ce ta dawo jibi.

Kwana biyu ya yi a kai. Damshin Gaya ya sa zaren kaset ɗin ya yi hunhuna, ya zauna yana jansa a hankali yana gogewa da auduga. Ya buɗe ordinater ya kori kyankyasai, ya zare katin ya goge haƙoransa ya mayar. Sau uku wutar kuran na ɗaukewa. Da tele ta kawo haske, sai da ya yi hamdala da ƙarfi har mai shayin kusa ya leƙo.

Ga gidan suna nan, ga mata da kwanoni, ga Alhazai a kan tabarma an bar fuskokinsu tas. Can wajen minti na arba'in wani dogon mutum ya shigo da jiƙaƙƙiyar riga, rungume da giwan ruwa. Ya juyo zai dubi kamera. Daidai nan manyan baƙaƙe masu ruwan zinariya suka sauko suka zauna daga goshinsa zuwa haɓa, ba su tashi ba sai da ya ba da baya.

Alassan ya mayar, ya sake mayarwa. Ya tsayar da hoton ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, ko za a dace da ƙiftawar ido guda. Babu. Katin ya iya ɗora rubutu, bai iya cirewa ba, kaset na asali kuwa shi da hannunsa ya shafe shi shekara ashirin da suka wuce. Bai tuna ranar ba, amma ya san abin da ya gani a lokacin: wani mai kifi ne kawai, wurin da ya dace a danna. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da yake.

Ya yi tunanin ya ce mata kaset ɗin ya lalace. Har ya shirya maganar. Amma da ta zo, ta ci ado da mayafinta na zuwa Idi, bakinsa ya kasa.

Ta zauna a benci, ya kunna, ya tsayar a wurin. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo.

"Kunnenshi ne wanga," ta ce a hankali. "Da wuyan. Kauda abin nan in gani."

"Ba ya kauduwa, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ya zama jiki guda da hoton."

Ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsa tana bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ita da ba ta taɓa shiga lakwal ba. Sai fuskarta ta ɗan saki, kamar wadda ta tsinci wani abu a cikin asara.

"Mi aka rubuta? Sunanshi ne?"

Alassan ya dubi ƙasa. Da zai ce e, da ta tafi da hoton a salula tana murna, har ranar da wani jikanta zai karanta mata.

"A'a, Inna," ya ce. "Nawa ne."

Ta janye yatsanta daga gilashin, ta goge shi a bakin mayafi. Ta miƙe da ƙyar, ta nemi takalmanta, ta fita ba ta karɓi kaset ɗin ba.