Mai Riƙe da Ludayi

A zauren taron wata jami'a a Mubi nake kallonsa, ko sunansa ban sani ba. Shadda sai ƙyalli take yi, hula a karkace, turarensa har kujerar baya inda nake zaune. Daga nesa aka ɗauko shi don ya koya wa ɗalibai sauraron juna duk da bambancin addini da ƙabila.

Ya zo da ludayin duma. Dokarsa ita ce, mai riƙe da ludayin shi kaɗai ke da bakin magana. Awa guda ke nan ludayin bai bar hannunsa ba. Da shi yake nuna allo, da shi yake sosa ƙeya. Ina jin a gidansa ma haka ake cin tuwo, shi yana jawabi, iyali suna gyaɗa kai.

A gabana wata ɗaliba 'yar Gude ta ɗaga hannu har ta gaji. Sai ta juya wajen ɗan Fulanin da ke gefenta, murya ƙasa-ƙasa.

"Gabdo, shanunku ne suka cinye mana gyaɗa bara, ko?"

"Na kawuna ne, Hansai. Amma hanyar zuwa rafi fa, ku kuka nome ta. Ta ina za su sha ruwa?"

Ta buɗe baki ke nan za ta amsa, malamin ya buga ludayin a kan tebur.

"Ku biyun nan, ku rufe mana baki! Ba ku ga ana koyar da tattaunawa ba?"