Igiyar da na auna lungunmu da ita

Har yau igiyar tana cikin aljihun tsohuwar rigata, da ƙullinta. Matata ta sha cewa in jefar, ni kuwa na ƙi.

Katako ne sana'ar gidanmu. Baba ne ya fara, yana sayo gumagumai daga dazukan Taraba ana yankawa a Kano. Da idonsa ya tafi, yayana ya karɓa. Ni ɗan rakiya ne kawai: in Yaya ya ce a saya, a saya, in ya ce a bari, a bari. Shekarar da ciwon hanta ya ɗauke shi, sai na wayi gari ni kaɗai a rumfa, ga kujerarsa, ga butarsa, ba mai ce mini yi ko bari.

A daji kuwa aiki ya tsaya. Masu yi mana lodi da igiya da sanduna sun manyanta, samari kuma ba sa son wahalar. Tirela sai ta yi kwana uku tana jiran a ɗora mata gungume. Dole a sayi injin lodi, kuma ni zan zaɓa.

Ban tambayi Baba ba. Tun rasuwar Yaya ya daina zancen katako. Yana zaune a zaure da carbinsa, in na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Na ce wa kaina zancen zai fama masa ciwo. Gaskiyar magana, tsoro nake kada ya gane ban san komai ba.

Muna da wata al'ada a gidan. Duk abin hawa ko injin da aka saya, sai an kawo shi ƙofar gida Baba ya ɗora hannu ya sa albarka kafin ya fara aiki. Keken Yaya, babur ɗinsa, injin zarto, duk sun zo ƙofar nan. Ni ban taɓa kawo ko baro ba. Wallahi wannan ɗora hannun nake so fiye da injin kansa.

To amma gidanmu a Yakasai yake, can cikin lungu, Baba kuma ƙafa ta hana shi wuce dakali. Sai na ɗauki igiya na je inda lungun ya fi matsewa, tsakanin katangar maƙwabcinmu da kwata, na auna, na ƙulla, na cusa a aljihu.

A filin masu sayar da manyan injuna a hanyar Zariya, dillalin ya nuna mini guda biyu. Babban, tayarsa ta kai kafaɗata, yana da hannu mai faratan ƙarfe. Ƙaramin kuwa kamar tarakta ce aka dasa wa hannu.

"Malam, wane itace kake ɗauka?" in ji dillalin.

"Maɗaci da kawo."

"To babban ne naka. Wancan na masu itacen turare ne da sandunan rufi."

Na zaro igiyata na auna faɗin babban. Ya wuce ƙulli da taƙi biyu. Na auna ƙaramin, ya tsaya daidai.

Dillalin ya kwashe da dariya. "Malam, inji ka zo saye ko shadda?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa ba dariya na zo saye ba, ƙaramin nake so. Ya sake gaya mini, har sau biyu, bawan Allah. Na waiga gefena, inda Yaya kan tsaya ya yi gyaran murya in na fara shirme. Ba kowa a wurin.

Na biya kuɗin ƙaramin, da hantsi muka shigo da shi ta Ƙofar Wambai. Direba ya bi lungu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, taya tana gogar katanga, har muka tsaya a ƙofar gida. Ni kuwa sai fankama nake, wai na yi abin kai.

Na riƙo hannun Baba na fito da shi. Ya shafa taya, ya bi hannun injin da tafinsa har ya kai ga faratan. Ya sa aka buɗe su iyakar buɗewa. Sai na ga ya ɗora gwiwar hannunsa a farce ɗaya yana aunawa da kamu, yadda yake auna gungume a da. Ya auna, ya sake aunawa.

"Bakinsa kamu biyu ne," in ji shi. "Maɗacin da muke saye ba ya shiga nan."

Duk da haka ya ɗora hannu ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Wa ya ba ka shawara?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba kowa," ya maimaita. "Wata bakwai ina zaune a zauren nan. Ina jin takunka in za ka fita, ina ji in ka dawo. Kullum sai in ce ko yau zai tambaye ni wani abu."

Ya miƙo hannu na mai da shi zaure.

Injin yana can daji yana ɗaukar ƙananan itatuwa, manyan kuwa har yanzu da igiya ake ja. Baba ya rasu kafin damina ta faɗi. A 'yan makonnin da suka rage masa, kullum da safe nakan zauna kusa da shi in tambaye shi wani abu, har da abin da na sani.